Leshina da Lakar Ganuwar Kakanmu

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, zan mayar muku da su kafin a kira la'asar. Wannan ba tatsuniya ba ce. Da ma ita ce, da na ɗora wa wata dabbar dawa kunyar na huta. A kaina ta faru, da rana tsaka, a gaban jikokina. Ni ban san baƙi ba, ban san boko ba. Babbar jikata ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta yi mini kwalliya, don kwalliya ce ta kai ni inda ta kai ni.

A Zaitawa aka haife ni, aka kai ni aure Gwammaja. In ka cire aikin Hajji, tsakanin unguwannin nan biyu na ƙare ƙuruciyata da tsufana. Mu Fulani ne, amma irin waɗanda saniyar ƙarshe ta bar hannunsu tun kafin a yaye mahaifina. Fillancina bai wuce gaisuwa ba, ita ma in aka amsa mini da tsawo sai in yi murmushi in gyara mayafi. Abin da ya rage mana na asali biyu ne: dogon hanci, da labarin Kakanmu.

Labarin daga bakin goggona na same shi, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni. Ta ce kakan mahaifinmu mutumin wani gari ne can gabas, garin da aka kafa a bakin iyakar ƙasar Kano da ta Barno, aka kewaye shi da ganuwa saboda tsaro. Ba zan faɗi sunan garin ba, yanzu ina da dangi a can, kuma kunyar da aka sha ta isa. Ta ce shekara ashirin Kakanmu yana kwana a jikin ganuwar nan shi kaɗai da mashi a hannu, damina da rani, bai san ɗumin ɗaki ba. Da za ta rasu ta ba ni kan mashin, baƙin ƙarfe mai zobba uku na tagulla a wuya, naɗe cikin tsumma. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ban tambaye ta dalilin kwanan ba, ita ma, Allah ya jiƙanta, ba ta tsawaita ba.

Sauran ni na ƙara. Ban kira shi ƙarya ba, gishiri ne. Sai dai shekara arba'in ina barbaɗa shi a tukunya ɗaya. Na ce a raina, mutumin da ke kwana da mashi ai wani yake jira. Wa kuwa za a jira a iyakar Barno in ba Barebari ba? Sai na kawo Barebari. Da farko su goma ne. Da 'ya'yana suka yi wayo suka zama ɗari. Kafin jikoki su iso sun kai yawan fara. Ganuwar ma duk shekara sai ta ƙara tsawo, har ta kai shaho yana hutawa sau biyu kafin ya kai samanta.

Barebarin nan kuwa da dalilinsu. Ina da maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare. Babarbariya ce, mijinta malami ne mai rubuta Alƙur'ani da ka. Kun san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari, wasa ne na gado, ba a fushi, ba a kuma ragawa. Ta ce ni baiwarta ce, na ce ita ce tawa. Ta ce in iska ta taso a ɗaure ni da turmi, na ce fuskarta kamar gonar da aka yi wa huɗa. A haka muka yi goyo, muka yi yaye, muka yi takaba. Allah da ikonsa, ɗana ya auri 'yarta. Jikoki huɗu suka zama namu tare, ni suna ce mini Inna, ita suna ce mata Kaka. Gidansu na wajen Ƙofar Mata, duk Juma'a ake kawo mana su, sai wasan ya koma na neman fada a wajen yara. Ita tana da turaren wuta da alkaki. Ni ina da Kakanmu. Da na ga ta fara janye su da zaƙi, sai in ɗaga murya ta kan katanga: “Ku zo ku ji yadda aka kori dangin wata!” Nan da nan sai ka ji gudun silifa. Ita kuma ta ce, “Bafillace da mashi? Sai dai in ƙaya zai cire wa saniya.” Amma ba ta da shaida, ni kuwa ina da ƙarfe a adaka.

Ana nan, ana nan, sai aka ce wa babbar jikata a makaranta kowa ya rubuto tarihin asalin gidansu, da hotuna. Ta gaya wa ubanta. Shi kuwa ma'aikacin ofis ne, irin masu son a ga abu da ido. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Inna, ai garin nan ba nisa, na bincika. Ranar Asabar za mu je gaba ɗaya, ki nuna wa yara da hannunki.”

Da hannuna. Ni da ko hanyar ban sani ba. Ban taɓa ce musu na je ba, amma ban taɓa ce musu ban je ba, kuma wanda ya ji yadda nake kwatanta ƙyauren ƙofar garin zai rantse ni na shafa masa mai. Na ce gwiwata ta tashi. Kafin in rufe baki sai ga murya ta kan katanga: “Ni tawa lafiya lau. Zan je in ga inda aka kore mu.”

Gwiwa ta warke a take.

Tunda tafiya ta zama dole, na ce to a yi ta yadda ta dace da jikar jarumi. Na sa aka yi mini lalle. Na ciro farin leshin da na sa a bikin autata, wanda sau biyu kacal ya ga rana, da 'yan kunnen gwal, da takalmin da ke matse ni amma yana da kyau. Na sa kan mashi a jaka. Kwana uku kuma ina haɗa kirari ina bitarsa a madafa, ina juya tuwo ina gyara shi.

Lokacin ruwa ya ɗauke, an yanke gero, dawa na jiran lauje. Muka tashi bayan karin kumallo a motar ɗana, shi da matarsa a gaba, mu tsofaffi biyu a tsakiya gwiwa na gugar gwiwa, yara a baya. Muka bi hanyar Gezawa, muka wuce Ringim, muka saki kwalta. Duk kwanar da muka zo sai ɗana ya waiwayo ya ce, “Inna, nan ne ko?” Ni kuma in ce, “An canja wurin ƙwarai.” Wayarsa ce ta kai mu.

Da muka sauka, ƙaramin cikin yaran ya duba gabas ya duba yamma, ya ce, “Inna, ina ganuwar?”

Tana nan. Wani dogon tudun ƙasa ne da ya bi gefen gari, a wani wurin ya kai kafaɗar mutum, a wani wurin akuya na tsallake shi ba ta ko daina tuƙa ba.

Na ce, “Tsufa ne, ta zauna ta huta.”

Babarbariya ta ce, “Shahon ma ya huta.”

Ƙofar garin dai tana tsaye, an gyara ta da siminti. Na ce a raina, ko ba komai ga ƙofa. Na je tsakiyarta na tsaya, na gyara ɗaurin kallabi, jikata ta ɗaga waya. Na buɗe murya: “Na gabas, ƙaya a hanyar Barno! Mai kwana a tsaye, mai matashi da ƙarfe! Ruwa ya dake ka ka ce wanka, rana ta dake ka ka ce jin ɗumi! Kowa ya zo da dare ya koma da dare!” Na yi ta yi har masu tallan gyaɗa suka taru, wani mai babur ya kashe inji. Wallahi ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

A gindin tsamiyar da ke jikin ƙofar akwai wani dattijo yana tufkar igiya. Ya bari na kai aya, ya ajiye rama, ya taso. Muka gaisa. Ashe gidansu ne ke riƙe da ƙofar tun kaka da kakanni. Ya ce, “Hajiya, wannan kirari haka, wa ake wa?”

Na buɗe jaka, na warware tsumma a hankali, yadda kowa zai gani, na miƙa masa. Ya juya ƙarfen, ya taɓa zobban da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Sai fuskarsa ta washe. Ya juya wajen wani gida ya ƙwala kira: “Ku fito! Ga mutanen Mai-kafa na birni Allah ya kawo!”

Na ɗauka sarauta ce. Na dubi Babarbariya ta wutsiyar ido, na ɗaga haɓa.

Dattijon ya ce, “Amma ai ba nan ne wurinsa ba. Ku biyo ni.”

Muka bi shi. Muka bar ƙofa, muka bar inuwa, muka bi jikin ganuwa ta bayan gari, ta cikin kututturen gero da ƙarangiya. Leshina na kama wannan yana sakin wancan, takalmi na cizo. Wata tsohuwa siririya da ta fito daga gidan da aka kira ta biyo mu. Can sai ganuwar ta miƙe tsaye. Nan kam ganuwa ce ta gaske, ta fi tsayin mutum biyu, sumul, da sabon yaɓe. Zuciyata ta yi fari. Sai dai a tsakiyarta akwai wata ɓaraka da shanu biyu za su wuce a jere, ƙasanta duk sawun kofato da kashin shanu, ɗanye da busasshe. A gefe an tara jar ƙasa an jiƙa ta da ciyawa.

Ya ce, “Ga kafar. Nan ya kwana.”

Jikata ta matso da waya. “Baba, nan aka yi yaƙin?”

“Wane yaƙi, 'yata?”

Sai ya zauna a kan wani dutse ya ba mu labari, ba gishiri ko ƙwaya ɗaya. Ya ce a wancan zamani ba a buɗe ƙofar gari sai rana ta fito sosai, an leƙa an ga lafiya. Kakanmu kuwa yana da shanu bakwai, gidansa na nan jikin ganuwa, makiyaya na nan bayanta, yana hango ciyawa amma sai ya zaga gari ya jira ƙofa. Haƙuri ya ƙare masa. Ya riƙa ɗan ƙwaƙule ganuwar da fartanya, kaɗan yau kaɗan gobe, yana rufewa da zana, har ya yi wa shanunsa hanya. Ganuwar da gari guda ya yi shekaru yana ginawa. Da asiri ya tonu aka toshe. Shanu kuwa sun riga sun san hanya, da asuba suka ture ɗanyen gini suka fice. Aka sake toshewa, suka sake turewa. A na uku mai gari ya tara mutane ya ce, “Tunda shanun naka ne, kafar ma taka ce, to kai ne ƙyaurenta.” Aka ba shi mashi, don shi bai taɓa riƙe abin da ya wuce sanda ba. Aka ce nan zai kwana har ya mutu, kuma zuriyarsa ce za ta riƙa ɗaga kafaɗun wurin duk shekara in ruwa ya ɗauke, kada ɓarakar ta ƙara faɗi, kuma kada bare ya taya su ɗora laka.

Matar ɗana ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa.

Babarbariya ta gyara murya, cikin ladabin da ban taɓa jin ta da shi ba. “Malam, to Barebarin da ya kora fa?”

Ya ce, “Barebari ai suna zuwa. Fatake ne, da jakuna, suna kawo kanwa da gishiri. Wanda ya iso bayan an rufe ƙofa sai ya zagayo nan, shi kuma ya shigo da shi ya ba shi nono. Har tara aka taɓa cinsa a kan haka.”

Ta ce, “Allahu akbar. Ashe maigadinmu ne.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, da leshin da gwal ɗin duka.

Tsohuwar nan siririya sai yanzu ta yi magana. Ta ce ita jikar jikansa ce ta wajen babban ɗa. Ƙaramin ɗan, wanda ya haifi mahaifina ke nan, ya ɗauki mashin ya tafi birni sayar da bijimi, bai dawo ba, ya bar su da laka. Ta ce al'adarsu duk jininsa da ya zo wurin sai ya cuɗa ƙasa da ƙafarsa ya ɗora da hannunsa, ko jariri ne sai an dangwala masa. Dattijon ya ce, “To Hajiya, sai mu ji daga bakinki. Ke jininsa ce, ko kuwa ƙarfen sayensa aka yi?”

Ga ƙofa an buɗe mini. In na ce saye aka yi, ko na ce wani mutum ne daban, jarumina yana nan da ransa, in koma Gwammaja da shi in ci gaba da kora. Jikoki huɗu sun zuba mini ido. Babarbariya ta matso jikina, ta yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ni, ta ce, “Ki ce kama ce. Mashi ai yana kama da mashi. Ba zan tayar da maganar ba.” Na dube ta ina neman dariyar, babu. Da gaske take. Shekara arba'in ba ta taɓa raga mini ba sai ranar, kuma na rantse muku tausayin Babarbariya ya fi dariyarta ciwo.

Na juya na dubi tsohuwar. Hancina ne a fuskarta, har ɗan karkacewar da ke wajen karan. Goggona sak. Mashi a iya musunsa, hanci fa?

Na sunkuya na cire takalmi. Na ce, “Jininsa ce. Ina ƙasar?”

Na tattare leshi zuwa ƙwauri na shiga. Kun san ƙasar gini in ta kwana a jiƙe, ba ta san gwal ba, ba ta san Hajiya ba. Taku na farko ta riƙe ƙafar dama, na ja, ta riƙe ta hagu, na zauna. Zama sosai, irin na mai jiran tuwo. Yara suka yi ihu suka faɗo ciki, don su ma jini ne, ubansu ya naɗe wandon shadda ya biyo su. Tsohuwar ta kama hannuna ta tashe ni, ta ce, “Ƙafar birni ce, za ta koya.”

Babarbariya ta samu dutse ta zauna, tausayin ya wuce, dariya har da hawaye. “Cuɗa da kyau, baiwata! Kada ginin maigadi ya zube!”

Sai dattijon ya ce, “Wannan Hajiyar fa, me take a wurinku?”

Na ce, “Suruka ce. 'Yarta ke auren ɗana.”

Ya ce, “Madalla. Ai surukai su ke ɗebo ruwa.”

Matar ɗana ta yi wuf za ta ɗauki tulu, ya ce a'a, babba ke farawa. Rijiyar kuwa da ɗan nisa. Ina tsaye cikin laka har gwiwa, ɗan kunne ɗaya ya ɓace, na ga Babarbariya tafe da tulu a ka, ruwa na zuba a kan turarenta. A duk ranar wannan kaɗai na ci, amma na ci shi da kyau.

Curin da na ɗora sau biyu yana faɗowa. A na uku tsohuwar ta ɗora hannunta a kan nawa ta danna, ya zauna. Sawun yatsuna na nan a kafaɗar dama, daidai inda hannuna ya kai. Muna cikin haka aka koro shanu daga kiwo, dole muka matsa gefe, suka wuce ta tsakaninmu ɗaya bayan ɗaya, ko kallo ba mu ishe su ba. Aka kai mu gida aka ba mu fura da nono, aka ara mini zane na ɗaura. A mota ƙaramin ya ce, “Inna, ki sake ba mu na shanun da suka ture gini.” Ba wanda ya tambayi yaƙi.

To ga yadda kowa ya ƙare. Jikata ta rubuta komai, har zaman da na yi, malaminsu ya sa ta karanta a gaban aji, yanzu ga ta tana neman shiga jami'a. Ɗana sati biyu yana wanke mota. Matarsa har yau in muka haɗa ido sai ta nemi abin da za ta ɗauko a ɗaki. Dattijon mai igiya ya rasu damina biyu da suka wuce, Allah ya kyauta makwancinsa, ɗansa ke zaune a gindin tsamiyar. 'Yar'uwata mai hancina tana nan, takan aiko da man shanu, kuma duk shekara sai ta sa a kira ɗana a waya a ce masa ruwa ya ɗauke. Sau uku muna komawa, da tsofaffin kaya. Leshi bai sake fari ba, shi nake rufa wa buhun shinkafa. Ɗan kunnen yana cikin ganuwa. Kan mashin na adaka, na daina warware shi a hankali.

Babarbariya ta tsufa, ido ya yi rauni, baki bai yi ba. In za ta shigo gidana ba ta sallama sai ta fara da, “Maigadi, a buɗe wa fatake!” Ni kuma in ce, “A ɗebo ruwa tukuna.” Yara kuwa sun koma wajena fiye da da, alkakinta na nan yana bushewa.

Shanun Kakanmu, dattijon ya ce bakwai ne. Juma'ar da ta wuce na ji bakina ya ce talatin, jikata ta ɗago ta dube ni, na ce to, sun hayayyafa.

Ga kunnuwanku nan na mayar, ku duba ko sun cika biyu-biyu.